Matakala Huɗu a Gaban Garba Mai Walda

Duk wanda ya daɗe a Tudun Wada ta Minna ya san rumfar Garba Mai Walda. Rumfar kwano ce a bakin kwata, gabanta kekunan guragu a jere, wasu sababbi suna jiran fenti, wasu tsofaffi suna jiran ya gama yi wa masu su faɗa kafin ya taɓa su. Shekara talatin da wani abu yana ƙera irin kekunan nan masu taya uku da ake tuƙawa da hannu. Shi ma a kan ɗaya yake yawo, ja ne, da ƙararrawa biyu, don a cewarsa 'yan kabu-kabun Minna ba sa jin ƙararrawa ɗaya.

Kakansa jirgin ƙasa ya biyo daga Kano ya zauna, ubansa ya yi aikin reluwe har ya rasu. Garba yana da shekara uku shan inna ya kama shi, ya shanye masa ƙafafu biyu. Da lokacin shiga firamare ya yi, dangi suka ce a bar shi a gida mana, me zai je yi. Mahaifiyarsa, Iya Murja, ba ta yarda ba. Ta ɗauko zani ta goya shi, ta kai shi aji, ta koma kan kaskon wainarta, da aka tashi ta dawo ta ɗauke shi. Haka ta yi ta yi shekara biyar, har ƙafafunsa suka riƙa bugun bayan gwiwoyinta.

Yana aji biyar, wata safiya da damina, santsi ya kwashe ta a bakin kwalbati. Ta faɗi a kan gwiwoyinta, kan duwatsu, amma hannunta bai bar bayanta ba, Garba ko ƙasa bai taɓa ba. Ta miƙe jini yana bin ƙwaurinta, ta gyara goyon, ta ƙarasa da shi makaranta. A ranar ya yi wa kansa alkawari: bayan Iya, ba wanda zai sake ɗaga shi daga ƙasa sai ranar da za a kai shi makwancinsa. Ya samo katako da boris huɗu a bayan shedin reluwe ya haɗa wani ɗan amalanke mai ƙarar tsiya, da shi ya gama firamare, kuma daga nan ne ƙarfe ya shiga ransa.

Alkawarin nan ya wahalar da mutane fiye da yadda ya wahalar da shi. Ɗaurin aure nawa ya halarta daga bakin ƙofa, suna nawa ya ci a tsakar titi, Allah kaɗai ya sani. Ranar aurensa abokai suka so su ɗaga shi sama don murna, wanda ya fara kai hannu har yau yana ba da labarin gwiwar hannun Garba. Matarsa Jummai kan ce mutum biyu ta aura, Garba da alkawarinsa, kuma na biyun ya fi wuyar sha'ani.

Wanda ya sha gwiwar hannun nan shi ne Philip, abokinsa tun aji ɗaya, benci guda suka zauna. Ya yi aikin famfo ya gaji, yanzu yana noman doya a wajen Tagwai, amma duk la'asar yana rumfar Garba, suna sauraron rediyo suna musu. Babban abin musunsu hukumar nan ce da ke kula da haƙƙin naƙasassu. In aka sako sanarwarta, ana cewa duk wanda aka nuna wa bambanci ya kawo koke, sai Garba ya ɗaga gilashin walda ya taɓe baki.

"Wai masu buƙata ta musamman. Ni buƙatata ta musamman wutar lantarki ce. In suna da ita su kawo."

"Kai ba ka taba zuwa ba, kana zagi," in ji Philip, da irin Hausarsa da ba ta damu da lanƙwasa harshe ba.

"Ba sai na je ba. Ofishi ne, akwai fanka, akwai fayil. Na san sauran."

Ana nan autarsa Amatullah ta gama karatun kiwon lafiya a wata kwaleji mai zaman kanta a Chanchaga. Ita ce ta farko a gidan da za ta sa rigar nan mai faɗi da hular kwali, kuma a ɗakin Iya Murja ta tashi, a kan tabarmar tsohuwar ta yi duk karatun jarrabawarta. Aka kawo katin bikin yaye ɗalibai saura wata guda. Garba ya yi abin da ya saba yi kafin kowane taro: ya hau jan kekensa ya je ya duba ƙofar.

Matakala huɗu ce a gaban zauren taron, dogaye, an yi musu tayil mai sheƙi. Ya zagaya baya, can ma huɗu. Yana nan yana kallonsu mai makarantar ya fito, wani Mista Caleb, mutum mai fara'a da tumbi, wanda bai taɓa yi wa kowa mugunta da gangan ba. Ya ji ko waye Garba, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yabi Amatullah.

"Baba, wannan ba matsala ba ce. Ina da ɗalibai ƙarti, huɗu sun isa, za su ɗauke ka da keken gaba ɗaya. In kuma ba ka so, za mu kafa rumfa a waje, da lasifika, da lemo mai sanyi. Komai za ka ji."

"Na gode, Yallaɓai. Ji kam ina ji tun daga gida. Gani na zo yi."

Ya koma gida ransa a jagule. Da ya ba da labari, Jummai ta ce to ko sau ɗaya ya bari a ɗauke shi, ai duniya ba za ta tashi ba. Iya Murja ce ta yi magana daga kan tabarmarta. Ta haura tamanin, gwiwoyin nan sun daɗe da ƙin aiki, taku biyu uku take yi da sanda ta nemi wurin zama.

"Ni dai ku je ku dawo ku ba ni labari. Gwiwoyina ba sa shiri da matakala, kuma ba yaron da zai sungume ni a bainar jama'a."

Ta faɗa kamar ba komai. Amma Garba ya ga sabuwar atamfar da ta sa aka ɗinka mata tun watan jiya, tana ninke a kan akwati, ya ga kuma ta ja mayafi ta rufe ta. Tuwon ranar bai ci rabi ba.

Kwana uku Philip yana yi masa naci. A na huɗu Garba ya ce zai je, amma don ya rufe wa Philip baki ne kawai, kada wani ya ɗauka wani abu. Suna isa ofishin hukumar ya tarar da gangara shimfiɗe har bakin ƙofa, da ƙarfen dafawa a gefe. Ya tsaya ya shafa waldar yana neman aibu. Bai samu ba, wannan kuwa ya ɓata masa rai ƙwarai.

Wadda ta karɓe su sunanta Susan, 'yar siririya, tana dogara sandar hannu ɗaya, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Garba ya fara da cewa shi fa ba roƙo ya zo yi ba, yana da sana'arsa, ya aurar da 'ya'ya biyu da guminsa. Ta bar shi ya gama tsaf.

"Baba, mu ma ba rabo muke yi a nan ba. Matakala nawa ce?"

"Huɗu."

"Tsayinsu fa?"

Ya dube ta da kyau. Shekara arba'in mutane suna ce masa sannu, suna ce masa Allah sarki, ba wanda ya taɓa tambayarsa tsayin matakala. Ya ce za su kai ƙafa biyu daga ƙasa. Ta rubuta. Ta ce akwai doka a kan wurin da jama'a ke shiga, ba alfarma za a nema masa ba, za su rubuta wa makarantar, ita kuma za ta je da kanta. Ta buɗe jaka neman biro, sai ga tef ɗin awo irin na magina a ciki, kusa da hoda.

A hanya Philip ya ce, "Wannan yarinya ya san aiki."

"Mu gani tukuna," in ji Garba. Amma bai sake zancen fanka da fayil ba.

Mista Caleb bai yi gardama ko kaɗan ba. Ya karanta takarda, ya saurari Susan, ya dafe ƙirji ya ce wallahi bai taɓa tunanin abin ba, za a yi gangara, mai kyau ma kuwa. Ya kira Kudu birkila, wanda rabin matakalun Chanchaga aikinsa ne. Kudu ya ce gangara ai ba sai an yi masa bayani ba, ya yi ta fi ɗari. Gaskiya ya faɗa. Kusan duk gidan da ke da mashin a Minna akwai irin gangarar da Kudu ya sani, wadda ake tura mashin a kanta a shige da shi zaure da yamma.

Ranar Laraba, biki saura kwana uku, aka kira su su zo su gani. Susan ta zo a Keke Napep, Garba da Philip suka same ta a can. Mista Caleb yana tsaye yana murmushi, Kudu a gefensa ya sa wankakkiyar riga. A tsakiyar matakalar nan huɗu ga wani siririn zirin siminti, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, ya miƙe tsaye daga ƙasa zuwa sama, an shafe shi sumul, har da shuɗin fenti. Don kada a yi shakka, Mista Caleb ya sa maigadi ya turo mashin ɗinsa. Maigadi ya ja baya, ya taho da gudu, mashin ya haye sama lafiya lau.

Garba ya murza kekensa a hankali ya ɗora tayar gaba a kan zirin. Tayoyin baya biyu suka daki matakala ta farko, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suka tsaya cak. Ya dubi tayoyin, ya dubi Kudu, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da hawaye, Philip ya kama, maigadi ma ya kama bai san dalili ba. Dariyar ba ta daɗi ba ce duka. Mutane sun kashe siminti da fenti da kyakkyawar niyya don shi, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya sunkuya ya ƙirga tayoyinsa.

Susan ba ta yi dariya ba. Ta ciro tef, ta miƙa wa Kudu bakinsa ya riƙe, ta auna. Ƙafa biyu daidai. Ta ce duk inci ɗaya na tsayi yana son ƙafa ɗaya ta tsawo, wato ƙafa ashirin da huɗu, faɗi kuma ƙafa huɗu, da abin dafawa. Kudu ya cire hula ya sosa kai. Ya ce a yi masa afuwa, shi abin da ya sani ya yi, amma wannan mai tsawo haka, ga ruwan sama kullum, ko yau ya zuba kankare ba zai taku ran Asabar ba.

"To ko dai yaran nan huɗu," in ji Mista Caleb a hankali, "na wannan karon kawai."

Susan ta buɗe baki za ta yi magana, Garba ya riga ta.

"Yallaɓai, ka sayo ƙarfe da farantin ƙarfe mai ƙurji, ka ba ni janareto. Walda ba ta jiran bushewa. Amma ƙafa talatin zan yi."

"Ashirin da huɗu ta isa, Baba," in ji Susan.

"Ta isa mutum ɗaya. Ni da kaya zan hau."

Alhamis da Juma'a, farfajiyar kwalejin ta koma rumfar Tudun Wada. Garba yana zaune a ƙasa kan buhu, yana jan jiki daga gaɓa zuwa gaɓa, tartsatsi na tashi. Kudu, da kunya ta hana shi tafiya, shi ya haƙa ramukan ƙafafun ya riƙa riƙe ƙarfe, Garba yana yi masa faɗa kamar ya shekara a ƙarƙashinsa. Philip aka bar wa ɗauko wannan, miƙo wancan, da ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Susan kan zo da rana da tef ɗinta. Ran Juma'a ta nuna wata gaɓa ta ce akwai ɗan tudu, ƙaramar taya za ta iya maƙalewa. Garba ya ce shekara talatin ba a taɓa gyara masa walda ba. Ta ce to yau an fara. Ya yi ta ƙunƙuni, amma tana juya baya ya ɗauko abin gurza ƙarfe ya goge wurin, ya kuma ce da Philip ƙasa-ƙasa yarinyar tana da ido.

Da la'asar ɗin Juma'a ya koma rumfarsa, ya kwance akwatin kayan aikin da ke bayan jan kekensa. A wurin ya haɗa kujera, da majingina, da wurin ɗora ƙafa ƙasa-ƙasa yadda mai sanda zai iya zama ba sai an ɗaga shi ba. Jummai ta ba da matashin kujerar ɗakinta. Ya shiga da keken tsakar gida ya tsaya a gaban tabarmar Iya Murja.

"Wannan kuma ta wace ce?" in ji ta.

"Ta wata tsohuwa ce mai taurin kai."

Ta daɗe tana kallon kujerar. Sannan ta ce da Jummai ta duba mata ko atamfar nan tana son guga.

Ran Asabar Garba ya riga kowa fita, ya tuƙa kansa har Chanchaga. Iya da Jummai suka biyo a Keke Napep. Abin da ya tarar ya kusa sa shi wata dariyar. Gangararsa cike take da mutane: mata masu kuloli, dattawa masu babbar riga, mai ciki, mai goyo, har da Mista Caleb yana nuna wa baƙi ita kamar shi ya ƙirƙiro ta. Matakala huɗu da shuɗin zirinta suna can ba mai kallonsu. Sai da Susan ta buga sandarta a kan ƙarfen sau biyu ta ce a ba mai ita hanya.

Mai Napep ya matso dab. Iya Murja ta sauko da sandarta, taku ɗaya, taku biyu, ta juya ta zauna a kujerar, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Garba ya ce da Philip ya bi bayansu in yana so, amma hannunsa ya zauna a aljihu. Ya yi bismilla ya kama mariƙin tuƙa keken.

Ƙafa goma na farko ba wuya. Daga nan nauyin ya fara magana. Sarƙa ta yi ƙara, jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya jiƙa sabuwar shaddarsa. Shekarunsa hamsin da biyar, ga kwana biyu yana walda a zaune a ƙasa, kafaɗun ba na da ba ne. Wajen tsakiya keken ya tsaya. Ya ɗan ja baya kamar inci biyu.

"Philip," in ji Garba, bai waiwaya ba, "mayar da hannunka."

Philip ya mayar, idonsa ya kawo ruwa. Sai Garba ya ji yatsu sun kama rigarsa ta baya, daidai kafaɗa, irin kamun da shi ya riƙa yi wa wata riga shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

"A hankali, Garba," in ji Iya Murja. "Ni ban kayar da kai ba."

"Na sani, Iya."

Ya san da haka kullum, amma bai taɓa jin nauyin abin a hannunsa ba sai yau. Tausayinta da kunyarta suka cika masa ƙirji. Ya sunkuyar da kai ya danna, mariƙin ya juya sau ɗaya, ya sake juyawa, tayar gaba ta wuce gaɓar da Susan ta sa shi ya goge ba tare da ta maƙale ba. Bai ɗago ba sai da ya ji tayoyin baya sun hau tayil.

A bakin ƙofa Amatullah ta fice daga layin 'yan ajinsu, rigar tana jan ƙasa, hular kwali a karkace, ta durƙusa a gefen keken ta rasa wanda za ta fara riƙewa. Iya Murja ta gyara mata hular, sannan ta saki rigar ɗanta, ta shafe inda ta yamutsa.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce. "Amma ni shekara biyar na yi, kuma ba wanda ya yi mini gangara."

Garba ya goge fuskarsa da hannun riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya kaɗa ƙararrawarsa duka biyun, mutane suka dare, ya shiga da ita har layin gaba.